Neman Ajiya da Lambobi: Daga Duwatsun Dutse Zuwa Fadamar Miga

Wanda ya bar Dutse da sassafe ya nufi Miga, kafin rana ta take ya ga ƙasa iri biyu. A Dutse duwatsu ne suka yi wa gari ƙawanya, wani a kan wani, ga dabino a gindinsu. Da an fito Shuwarin an hau titin Kano zuwa Maiduguri, aka kai Kiyawa aka karkata arewa ta hanyar Jahun, sai dutse ya ɓace ɗungurungum. Daga nan rairayi ne da jigayi, da kuka da gawo da goruba, har ƙasa ta soma yin baƙi-baƙi, alamar an kusa fadamar kogin Haɗeja. Na sha bin wannan hanya don zumunci, amma a hunturun nan wani dalili dabam ne ya ɗora ni a kanta. Ɗan yayata, wanda ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse, shi ya koyo wani wasa ya matsa mini sai na gwada.

Masu wasan a duniya jiyokashin suke kiransa, mu kuwa neman ajiya muka riƙa cewa. Tsarinsa ba wuya. Wani ya sami 'yar roba mai murfi, ya sa takardar sa hannu a ciki, ya ɓoye ta a wani wuri da yake so mutane su je su gani. Sai ya ɗauki lambobin wurin da na'urar GPS ta wayarsa, ya wallafa su a shafin Geocaching.com. Duk wanda ya ga lambobin sai ya bi su da tasa wayar, ya nemo robar, ya rubuta sunansa da kwanan wata, ya mayar da ita daidai inda ya same ta. In akwai 'yan tarkace a ciki, kamar maƙalin mukulli ko maɓalli, yana iya ɗaukar ɗaya, da sharaɗin ya ajiye wani da ya kai shi daraja ko ya fi. Ba kuɗi, ba kyauta, ba wanda ya ci wani.

Wasan yana da ranar haihuwa. Kafin shekarar 2000, gwamnatin Amurka, wadda ita ke da taurarin GPS, da gangan take gurɓata saƙon da farar hula ke samu, har na'ura kan yi kuskuren da ya kai mita 100. A farkon watan Mayun wannan shekara shugaba Bill Clinton ya sa aka daina, kuskuren ya ragu zuwa kimanin mita 10. Ranar 3 ga Mayu wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɗauki baƙin bokiti ya zuba masa littattafai da kaset da gwangwanin wake, ya ɓoye a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya sanar da lambobin wurin don a ga ko wani zai iya zuwa. Cikin 'yan kwanaki aka je. A watan Satumba Jeremy Irish ya buɗe shafin da ake amfani da shi har yau, kuma yanzu irin waɗannan ajiyoyi sun haura miliyan 3 a ƙasashe fiye da 190. Kafin su ma, tun 1854, Turawan Ingila na da wani makamancinsa a tsaunukan Dartmoor, inda ake barin kati a cikin kwalba, sai dai su da kwatance suke nema, ba da lambobi ba.

Da muka buɗe taswirar manhajar a Dutse, ba mu ga alamar ajiya ko ɗaya a kusa da mu ba. Wannan bai karya wa yaron gwiwa ba, domin shi da abokansa sun riga sun samo dabara: ɗaya ya ɓoye, ya tura wa sauran lambobi ta WhatsApp. Ina ganin duk mai son farawa a ƙasarmu ta nan ya kamata ya soma. Abin da ake koya ɗaya ne, ko an yi rajistar ajiyar ko ba a yi ba.

Tun da yamma wani abokinsa ya hau duwatsun da ke kusa da unguwar Garu ya yi ajiyar. Da safe muka sa lambobin a waya, kibiya ta fito, a ƙarƙashinta an rubuta nisan da ya rage. Muka bi lungu, muka ratsa ta bayan gidaje, muka fara hawa. Nisan ya yi ta raguwa, daga ɗaruruwan mita zuwa gomiya, har ya zo kamar saura taku goma. Nan fa kibiyar ta soma kai-kawo, yanzu ta nuna gabas, an jima ta koma kudu.

"Kawu, daga nan a mayar da wayar aljihu," in ji yaron. "Aikinta ya ƙare, saura na ido."

Wannan ita ce magana mafi amfani da na ji a tafiyar. Waya motar haya ce: a tasha take sauke mutum, ba ta kai shi ƙofar gida. Dalilin kuwa a fili yake. Taurarin GPS suna shawagi ne a sama da nisan kilomita 20,000, kowane yana aiko da saƙon lokaci, wayar kuma tana lissafa inda take daga jinkirin isowar saƙon, tana bukatar aƙalla guda huɗu. A fili fetal lissafin kan yi kyau, kuskuren bai wuce 'yan mitoci ba. A tsakanin duwatsu irin na Dutse kuwa saƙon kan bugi dutse kafin ya iso, sai lissafin ya ɗan goce. Ga shi wanda ya yi ajiyar ma da nasa kuskuren lokacin da ya ɗauki lambobin. In aka haɗa biyun, mai nema yana da fili mai faɗin tsakar gida da zai bincika da idonsa.

To, me ake dubawa? Abin da bai dace da wurin ba. Duwatsu ƙanana da aka jera yadda iska ko ruwa ba za su jera su ba, ko ƙiraren da aka jingina a bakin rami. Kuma da sanda ake taɓawa, ba a zura hannu a kogon dutse a ƙasar da ke da kunama da gamsheƙa. A bakin wata tsaga na ga wani faffaɗan dutse a tsaye, launinsa ya saɓa da na kewayensa. Na kawar da shi da sanda, sai ga 'yar robar man shafawa, a ciki da naɗaɗɗiyar takarda da guntun fensir. Na rubuta sunana, na ji wani daɗi da ban zaci roba za ta iya sa wa dattijo ba.

Amma abin da ya fi kama ni shi ne da na miƙe na juya. Ga Garu da fadar Sarki, ga kawunan dabino, ga sabon gari ya miƙe can wajen sakatariya. Tun da aka ƙirƙiro jihar Jigawa a watan Agustan 1991 garin nan yake faɗaɗa, ina shigarsa ina fita, amma ƙafata ba ta taɓa kawo ni nan ba. Littafin Tarihin Kano ya ambaci Dutse tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15, wanda ya auri 'yar Sarkin Dutse. Wanda ya tsaya inda na tsaya ba ya bukatar a faɗa masa dalilin da ya sa mutanen dā suka kafa gari a nan: daga sama ana hango duk mai tahowa. Ajiya mai kyau ke nan, wadda aka yi don ta kai mutum wurin da ya cancanci a gani. Wadda aka cusa a bayan juji don kawai a wahalar da mai nema, ni ban ga amfaninta ba.

A mota yaron ya koya mini karatun lambobin. Layi biyu ne, na farko yana faɗin nisan wuri daga layin da ya raba duniya biyu zuwa arewa, na biyu kuma nisansa zuwa gabas. Dutse tana digiri 11 da wani abu a arewa, Miga ta ɗan haura 12, dukansu kuma suna digiri 9 da wani abu a gabas. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kimanin kilomita 111 ne. Ana raba shi minti 60, kowane minti mita 1,852, sannan a yanka mintin gida dubu, har lambar ƙarshe ta zama ba ta kai mita 2 ba. Saboda haka wanda ya kuskure lamba ɗaya a ƙarshe bai yi nisa ba, wanda ya kuskure a tsakiya kuwa sai ya tsinci kansa a wani ƙauye. A kuma lura, manhajar wasan tana rubuta digiri da minti, Google Maps kuwa ta fi rubuta digiri da ɗigo, in aka cakuɗa su an ɓata. Wani abin da da yawa ba su sani ba: GPS ba ta cin data, ba ruwanta da sabis. In an sauke taswirar tun daga gari, ko a tsakiyar fadama kibiyar za ta yi aiki. Caji ne kawai take sha, don haka a riƙe fawa-banki.

Mun ci abinci a Jahun, muka ƙarasa Miga bayan azahar. Miga na cikin ƙananan hukumomi bakwai na masarautar Dutse, amma rayuwarta ta kogi ce. An gama girbin shinkafa, an shiga noman rani, ko'ina ƙarar injin ban-ruwa, alkama ta yi kore shar a gefen kututturen shinkafa, shanu na kiwo a inda aka kwashe. Mai masaukinmu wani malamin firamare ne, tsohon abokina, a wani ƙauye da ke wajen gari. Da muka gaya masa muna so mu yi ajiya a nan, ko wayar bai kalla ba, ya ce mu tashi mu je wurin mai unguwa.

Muka same shi a zaure, muka durƙusa muka gaisa, aka tambayi hanya da mutanen Dutse. Malam ya gabatar da mu, yaron ya fito da robar ya buɗe ta a gabansa, ya zazzage abin da ke ciki a kan tabarma. Dattijon ya ɗauki takardar ya warware, ya ga ba a rubuta komai ba, ya juya fensirin.

"Binne ta za ku yi?"

"A'a, Baba," in ji yaron. "Dokar wasan ma ta hana haƙa rami."

"To, madalla. Don in aka ga baƙo yana tona ƙasa a gonar mutum yana cusa abu, ka san sunan da za a ba shi."

Kowa a zauren ya san sunan. A ƙasar Hausa abin da aka naɗe aka binne a gindin bishiya ko a mararraba, sammu ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. Ba shi kaɗai ba. Baƙon da ke zagaya gona yana duban waya yana ƙirga taku, manomi zai ɗauka awon fili ake yi, kuma wanda ya taɓa jin labarin gonar da aka karɓe ba zai yi barci ba a daren. Sannan ga abin da Arewa ta gani na tashin bama-bamai, tun daga harin Kano na watan Janairun 2012, wanda ya sa duk ƙunshin da ba a san mai shi ba ya zama abin tsoro. Ko a Ingila, a garin Wetherby, an taɓa rufe titin kasuwa a 2011 aka kira masu kwance bam saboda irin wannan robar. In haka ta faru a inda wasan ya daɗe, ina ga inda ba a taɓa jin labarinsa ba?

Dokokin wasan sun tanadi wani ɓangare na wannan. Sai da izinin mai wuri. Ba a sa abinci, ko wuƙa, ko magani, ko wani abu mai fashewa. Ba a ajiya kusa da barikin soja, ko filin jirgi, ko gada, ko dam, ko harabar makaranta. A rubuta a jikin robar abin da take, gara ma ta zama mai garai-garai da ake ganin cikinta. Amma a ganina waɗannan ba su isa ba a wurinmu. A ƙasashen da wasan ya daɗe, masu wasan suna alfahari da iya ɓoye wa sauran jama'a abin da suke yi. Wannan ɗabi'a ce da bai kamata mu ɗauko ba ko kaɗan. A nan mai unguwa ya sani, mai gona ya sani, liman ya sani, 'yan sintiri su sani. Wanda za a ɓoye wa ajiyar shi ne mai nema kaɗai. Ƙauyen da aka sanar shi zai tsare robar, ya kuma ba baƙon da ya zo nemanta ruwa ya sha. Wanda ba a sanar ba kuwa yana da gaskiya in ya tsare baƙon.

Mai unguwa bai tsaya a ba da izini ba, ya ɗauki sandarsa ya ce mu je ya gani. Yaron ya riga ya ƙyalla ido a kan wata ƙatuwar kuka da ke bakin fadama, mai kogo a jikinta. Dattijon ya girgiza kai. Ya ce da zuma a kogon, kuma da kaka ta yi mata da yara ke hawa ɗiban ganye. Ya matsa ya ɗora sandarsa a jikin kukar, daidai ƙirjinsa.

"Shekarar babban ruwa, nan ya kawo."

Ambaliyar 2022 yake nufi, wadda ta ci gonaki da gidaje a Miga da Auyo da Kafin Hausa da Ringim. Ruwan kogin Haɗeja daga ƙasar Kano yake tahowa, inda dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992 ke riƙe shi. Ƙasa a nan shimfiɗaɗɗiya ce, ga ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, saboda haka in damina ta yi ƙarfi ruwan ba ya samun mafita sai gonaki. Babu taswirar wayar da ta nuna mana wannan layin da dattijon ya nuna da sanda. Da mun bi wayar kaɗai, da watan Agusta ya tafi da robar.

Ya kai mu kan wata jigawa a gonar ƙanensa, inda ya ce ruwa bai taɓa hawa ba a saninsa. Akwai darbejiya mai rassa biyu, muka ɗaure robar da wayar ƙarfe a tsakaninsu, inda akuya ba ta kaiwa. Yaron ya tsaya cik ya ɗauki lambobi, ya yi nisa ya dawo ya sake ɗauka, ya maimaita har suka daidaita, sannan ya rubuta. Wanda zai yi ajiya ya daure ya yi wannan, domin gaggawarsa ta minti ɗaya wahalar duk wanda zai biyo baya ce.

Da la'asar Malam ya tara wasu daga cikin ɗalibansa, aka ba su wayarsa. Sun san kowace bishiya a wurin, don haka neman bai ɗauke su lokaci ba. Wata yarinya ce ta ɗaga kai ta hango, sauran na ta tonon ganye a ƙasa. Suka yi layi kowa ya rubuta sunansa. Abin da ya biyo baya shi ya fi tsaya mini a rai. Ɗaya ya tambaya ko gidansu ma yana da lamba. Aka ce yana da ita. Rijiya fa? Gonar babansa fa? Sai ga mu muna bin su lungu-lungu suna karanta lambobi suna kwafewa a bayan littafi.

Ina ɗaukar wannan da muhimmanci ƙwarai. A ƙauyukanmu ba sunan titi, ba lambar gida, kwatance ne: bayan masallaci, kusa da tsamiya. Ranar da ruwa ya shafe hanya ya kewaye ƙauye, wannan kwatancen ba zai kawo kwalekwalen agaji daga wani gari ba. Yaron da ya iya karanta layi biyun nan ya tura su ta waya zai iya faɗa wa wanda bai taɓa zuwa ba inda mutane suka maƙale. Da irin lambobin nan ma'aikatan gona ke auna faɗin gona, da su ake sa rijiyoyin burtsatse da asibitoci a taswira. Malam ya ce ya sha zana layukan taswirar da lambobin nan ke nunawa a allo yara na kallonsa, amma bai taɓa ganin sun nemi ƙari ba sai ran nan.

Akwai kuma wani nau'in wasan da nake ganin ya fi kowane dacewa da Jigawa, wanda ba a ajiye komai. Sunansa EarthCache, an fara shi a 2004 tare da ƙungiyar masana duwatsu ta Amurka. Lambobin kan kai mutum wani wuri mai abin lura a halittar ƙasa, ya duba, ya amsa tambayoyi ya tura wa mai ajiyar. Ba roba, ba zargi. Duwatsun Dutse na cikin jerin da ya taso daga Azbin, ya bi ta Damagaram, ya kai Filato. Jigayin da ke tsakanin Jahun da Miga ragowar rairayi ne da iska ta tara dubban shekaru da suka wuce, lokacin da hamada ta matso kudu fiye da yanzu. Kowannensu darasi ne a tsaye. Wurare kamar Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu kuwa, inda zanen shanu na mutanen dā yake a jikin dutse, kayan tarihi ne na ƙasa. A je a gani da jagorancin masu kula da su, kada wani ya cusa roba a can.

Tamu ajiyar ta Miga ba mu sa ta a shafin duniya ba tukuna. Kafin a wallafa ajiya sai wani mai tantancewa, ɗan sa-kai, ya duba ta: ko da izini, ko ta kai mita 161 tsakaninta da wata, ko mai ita yana kusa da zai riƙa kula da ita. Masu shafin kuma suna ba da shawarar mutum ya nemo kamar 20 kafin ya yi tasa. Ni da yaron ba mazauna Miga ba ne, don haka Malam ne ya karɓi riƙon ta. Zai riƙa leƙawa ya sauya takarda in ta cika, ya duba murfin kafin ruwan farko, domin rana kan cinye roba ta tsage. Mai unguwa ya ce zai faɗa a masallaci bayan magariba, don kada wani ya gani ya tsorata. Ɗaliban kuma sun riga sun fara gardamar inda za a kai ta biyu, wasu na cewa wajen Hantsu, wasu Sansani. Malam ya ce duk inda suka tsayar, sai ya fara zuwa ya gaida dagacin wurin da robar a hannunsa.